Masaukin Bayan Gari a Salaga

Da sunan Allah nake farawa, shi ya kai mu Gwanja mu biyu, shi ya dawo da ni ni kaɗai. Malam, rubuta yadda na faɗa, kada ka gyara mini magana. In na tsaya kuka ka jira ni, ba na daɗewa.

Sunana Indo, a nan Birnin Gwari aka haife ni. Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutumin Tabanni ne, shi ya sa fatake suke ce masa Ɗan Tabanni. Sunansa na yanka ba zai fito daga bakina ba ko yanzu da ƙasa ta rufe shi. Mun bi ayarin goro ne da niyyar mu je mu dawo kafin damina, ya gina mana ɗaki na ƙasa a gidan ubansa. Abin da muka sa a gaba ke nan, ba wani abu mai yawa ba.

Tare da mu akwai ƙawata Tabawa da mijinta Gambo. Ni da Tabawa tare muka tashi, tare muke shiga daji tsintar kaɗanya tun ba mu iya ɗaura zane ba. Su ma wannan ce tafiyarsu ta fari, kamar mu. Kayanmu iri ɗaya ne da nasu: kanwa, da gabu, wato busasshen ganyen albasa, da baƙaƙen zannuwa. In ma za a faɗi gaskiya, namu ya ɗara nasu, jakanmu kuma sun fi nasu ƙiba. Ka rubuta wannan da kyau, don mutanen garin nan sun manta.

A Kulfo na fara ganin kasuwar da ba na jin maganar rabin mutanen cikinta. A bakin Kwara masu fito suka karɓi kuɗinsu cif, da muka kai tsakiyar ruwa sai suka ajiye filafili suka ce sai an ƙara musu. Tabawa ta ƙanƙame ni tana salati, maza suka biya suna zagi a ciki. A ƙasar Bargu ba ma sauke kaya sai an kewaye zango da ƙaya, saboda masu tare hanya. A can ƙafafuna suka tsage har jini. Wata mata da ta zo sayar mana da doya ta duba ƙasa, ta koma gida, ta dawo da man kaɗe a ganye, ta durƙusa ta shafa mini da hannunta. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata. Har yau ina sa ta a addu'a.

Daga nan muka wuce Zugu, muka wuce Yandi, har muka sauka a zangon ƙarshe kafin Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. A nan ne abin ya faru, a gindin wani ƙaton rimi, da rana tsaka.

Masu masauki na garin suna turo mutanensu su taryi ayari, kowa yana yabon gidan ubangidansa. Wanda ya fi su baki shi ne mutumin wani attajiri da ake kira Mai Zaure Biyu. Ya ce gidansu yana jikin kasuwa, in ka yi tari a ɗaki za a ji ka a rumfar masu goro. Amma la'adarsa babba ce a kan kowane kaya, kuma ruwa saye ake yi a cikin garin, itace saye, ciyawar jaki ma saye. Da maigidana ya ji haka sai ya yi dariya har ya riƙe ciki.

Can gefe kuma ga wani dattijo yana dogara sanda, shi da kansa ya zo don ba shi da wanda zai aiko. Sunansa Baba Mahama, mutumin Dagwamba ne, yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya ce gidansa yana bayan gari, da ɗan nisa, amma akwai tafki a kusa, akwai ciyawa, akwai itace sai wanda ka ga dama, la'adarsa kuma abin da ka ba shi.

Gambo ya ce, "Ɗan Tabanni, goro ka zo saye ko kwana da kwaɗi?"

Maigidana ya ce, "Kai je ka sayi ruwa kamar mai sayen zuma. Ni ɗan daji ne. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ba da wuri na karɓi itace ba, ba kuwa a Gwanja zan fara ba. Kafin ka gama shayar da jakanka ribarka ta ƙare a tulu."

Gambo ya miƙe ƙafa ya yi hamma ya ce, "Ni dai na gaji da tafiya. Inda ya fi kusa nan zan kwanta."

Ka ji, Malam? Ba wayo ne ya zaɓa wa Gambo masauki ba, lalaci ne. Nawa mijin shi ne ya zauna ya yi tunani, ya auna wannan ya auna wancan. Ga Gambo can har yau da ransa, kullum da hantsi yana zaune a ƙofar gida ya miƙe ƙafafunsa biyu lafiyayyu a rana, jikoki na hawa kansa. In na wuce ina gaishe shi, amma ba na iya duban ƙafafun nan.

Maigidana ya juyo ya ce mini a hankali, "Mu gwada na dattijon. In bai yi mana ba, mu kwashe mu koma cikin gari wajen su Tabawa." Baba Mahama ya miƙa masa ruwa a ƙwarya a gaban mutane, ya karɓa ya sha. Mu a wurinmu ruwan baƙo ne kawai, irin wanda kowa ke ba kowa.

Kwanakin farko ba zan yi ƙarya ba, wurin ya yi mini daɗi. Akwai ɗorawa da kaɗanya kamar na gida. Baba Mahama ya yanka mana zakaransa, shi ke nan gare shi. Matarsa Iya Azara ta share mini madafinta ta ce in yi yadda nake so. Jakanmu suka sake suna kiwo.

Sai na shiga gari gano Tabawa a gidan Mai Zaure Biyu, inda suka sauka. Tun da na idar da sallar asuba na kama hanya, ban isa ba sai da rana ta fara zafi. Na tarar da ita zaune a kan tabarma a inuwa, an ƙunsa mata lalle, ga tulun ruwan rijiya an kawo mata har bakin ƙofa, ga masu talla suna shigowa da ƙafarsu. Ni kuwa ƙura har gwiwa.

Ta ce, "Ƙawata, ke kin huta wallahi. Nan ba a barci, hayaniya kamar gidan biki. Ga wari. Ga tsada, jiya har na yi faɗa da mai ruwa."

Na ce, "Allah sarki, sannu."

Ta ce, "An ce ku har tafki gare ku?"

Na ce, "Har da kwaɗi."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Amma a hanyar komawa ƙyashin Tabawa ya kama ni. Ranar ce ya shiga, bai kuma fita ba.

Abin da ba mu sani ba shi ne, goron kirki ba ya zuwa kasuwa. Masu kawo shi daga kurmin kudu a gidajen manyan masu masauki suke sauka. Da an idar da asuba ake kwance huhun goro a zaure, baƙin gidan su fara zaɓa. Abin da suka rage shi ake fitarwa rumfa, ƙanana da masu sankara. Masu sayen kanwa da zane su ma zauren suke zuwa. Kafin maigidana ya koro jakai daga bayan gari, an gama ciniki an tashi. Ya koma fita tun kafin kiran salla, ya yi sallarsa a masallacin kasuwa. Suka bar shi ya zauna a zauren, amma ba a miƙo masa huhu sai baƙin gida sun ƙoshi. Baba Mahama kuwa mutanen da suka san shi a harkar duk sun mutu, ba mai sauka a gidansa da goro.

Da abin ya ishi maigidana sai ya sami Mai Zaure Biyu. Ina cikin gida wajen Tabawa, katanga ce kawai tsakaninmu da zauren, ina jin komai.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, so nake in dawo gidanka da kayana. La'adar da ka yanka zan biya."

Mai Zaure Biyu ya ce, "Ruwan wa ka sha ranar da ka sauka?"

"Na Baba Mahama."

"A gaban mutane?"

"A gaban mutane."

"To kai baƙonsa ne har ranar da ka bar garin nan. In na ɗauke baƙon Mahama yau don ba shi da ƙarfi, gobe wanda ya fi ni ya ɗauke nawa. Duk gidan da ka je a Salaga abin da za a gaya maka ke nan. Je ka gida ka dawo baɗi, ƙofata a buɗe take."

Tabawa ta kama hannuna ta matse. Na zare shi. Ba ta yi mini komai ba, amma na zare.

Gambo, in ba shi haƙƙinsa, ya biyo mu har bayan gari da yamma. Ya ce, "Kawo kanwarka in haɗa da tawa, in ce duk nawa ne. In sayar, in zaɓo maka goro. Wa zai sani?"

Na durƙusa a gaban maigidana na ce, "Don Allah ka yarda. Don darajar iyayenka ka yarda."

Ya dubi inda Baba Mahama yake zaune yana gyaran igiyar jakinmu, ya ce, "Dattijon nan zakaransa guda ya yanka mana. Shekararsa nawa bai yi baƙo ba. In zagaya ta bayansa in kai la'adarsa gidan mai kuɗi? Ba zan iya ba, Gambo."

Gambo ya ce, "To ka ci mutuncinka da miya," ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Madugu ya sa ranar tashi, mu ko rabin kaya ba mu sayar ba, ɗan goron da muka samu bai cika wagar jaki ɗaya ba. Madugu ya ce wa maigidana ya biyo ayari haka nan, asara ba mutuwa ba ce. Maigidana ya ce, "In shiga Tabanni da kanwar da na fita da ita? Zan jira ayarin baya." Ranar tashi na raka Tabawa bakin gari. Jakansu har suna nishi saboda kaya. Ta raɗa mini a kunne cewa tana da ciki, ba wanda ta gaya wa sai ni. Na ce Allah ya raba lafiya. Na ƙulla goro kaɗan a tsumma na ce ta kai wa innata. Na tsaya ina kallon bayanta har ya ɓace, ita ta nufi gida da goro da ciki, ni na juya bayan gari hannu wofi.

Ayarin baya bai zo ba, ruwa ne ya zo. Daminar can ba irin tamu ba ce, jaki ba ya jure ta. Ɗaya bayan ɗaya suka rame suka faɗi. Kanwa ta sha danshi, muka karyar da ita yadda ta samu. Maigidana ya shiga noman doya da Baba Mahama. Ni kuma na kama kai itace kasuwa, in dawo in soya ƙosai. A kafaɗa nake ɗaukar itacen, yadda na gani wajen matan Gwari tun ina yarinya, matan garin suna nuna ni suna dariya. Itacen da muka ƙi saye, shi na koma sayarwa, har gidan Mai Zaure Biyu nake kai shi. In na sauke a ƙofar ɗakin da Tabawa ta zauna, sai in leƙa in ga wata baƙuwar a kan tabarmar.

Kewar gida kuwa ba a magana. Wani lokaci ina tsakar tsintar itace sai in ji kamar in na ɗaga kai zan hango dutsen Birni. In ɗaga, babu. Iya Azara in ta ga na yi shiru sai ta zauna kusa da ni tana tsefe mini kai, tana magana da yarensu. Ban san abin da take cewa ba, amma yana rage mini.

Da rani ya kama mun ɗan tara abin da za mu sayi goro ko kaɗan ne mu bi ayari. Maigidana ya ce mini, "Bana ko da ƙafa da kaya a kai za mu tafi, Indo." Sai wata safiya ya ce idon sawunsa yana masa zafi kamar an ɗora garwashi. Wurin ya yi bororo, ya fashe, kurkunu ya leƙo. Kafin a jima wani ya fito a ɗaya ƙafar, wani a gwiwa. Iya Azara tana naɗe su a tsinke kaɗan kaɗan kowace safiya. Na gwiwar ya tsinke a ciki, ƙafar ta kumbura ta yi kamar turmi. Mutanen gari suka ce ruwan tafki ne yake kawo shi, masu shan na rijiya bai cika kama su ba. Allah ne masani. Ni ma tafkin na sha, bai taɓa ni ba.

Yana kwance ayari ya iso. Gambo ya zo shi kaɗai, da riga mai aiki, jakansa sun ninka. Tun daga waje yake ɗaga murya, "Ina mai kwana da kwaɗi? Fito mu gani ko ka fara tsalle!" Da ya shigo ya ga ƙafar sai ya zauna a ƙasa.

Ya miƙo mini zane sabo, ya ce Tabawa ce ta aiko. Ya ce ta haifi namiji. Sun yi ɗakin soro. Ta ce ya gaya mini innata tana nan lafiya, kullum sai ta leƙa ta. Na karɓi zanen na yi godiya. Na sa shi a ƙasan tukunya, ban taɓa ɗaura shi ba. Ita ce take ganin uwata, ita ce take goyo, ita ce kuma take aiko mini da kyauta.

Maigidana ya ce, "Gambo, tulun ruwa nawa ne a gidan Mai Zaure Biyu?"

Gambo ya ce, "Bar wannan maganar."

"Faɗa mini dai."

Gambo ya faɗa. Bai kai cinikin ƙosan da nake yi kafin hantsi ba. Maigidana ya juya fuskarsa bango.

Gambo ya ce zai sauke wa jaki ɗaya kaya ya ɗora maigidana har gida. Ya je ya kawo madugu. Madugu ya duba ƙafar, ya taɓa goshinsa, ya fita waje ya ce da ni, "'Yata, wannan ba zai kai Yandi ba. Bar shi inda yake da inuwa." Maigidana ya ce in bi Gambo in tafi wajen innata. Na ce tare muka zo. Haka ayari ya sake tashi ya bar mu.

Ruwan fari na sauka maigidana ya cika. Baba Mahama ne ya yi masa wanka, yana yi hawaye na bin gemunsa. Aka aika cikin gari a gaya wa Hausawa, amma ana ruwa, wurin kuma da nisa. Waɗanda suka zo ba su cika sahu ɗaya ba. Mutumin da in a Tabanni ne sai an rasa wurin tsayuwa. Aka sa shi a gindin ɗorawa, kusa da gonar doyar da ya noma. A ɗakin na yi takaba, Iya Azara tana ciyar da ni.

Da ayari ya sake zagayowa, Tabawa ce da kanta ta shigo gidan, yaronta yana tafiya da ƙafarsa riƙe da zanenta. Ta yi ƙiba, ga mundaye a hannu. Ta faɗa jikina muka yi kuka, na gaskiya, mu biyu. Ta ce, "Tashi mu tafi cikin gari, ba za ki ƙara kwana a nan ba."

Na dubi Baba Mahama. Ya ce, "Tafi, 'yata. Wanda ya sha ruwana ya riga ya bar garin." Ya ɗauko takalman maigidana da sandarsa ya ba ni. Ya rako mu har inda gwiwarsa ta yarda, ya tsaya.

Haka na kwana a gidan Mai Zaure Biyu, a ɗakin Tabawa. Da aka idar da asuba ina zaune a kan tabarma sai na ji ana kwance huhu a bayan katanga, ƙamshin ɗanyen goro ya cika ɗakin, ga muryar Gambo yana cewa wannan ya yi masa ƙanana a kawo wani. Tabawa ta yi miƙa ta ce, "Kin ji ko? Haka suke hana mutum barci kullum. Ƙawata, ɗan leƙa ki karɓo mana barkono." Na tashi na fita. Ban gama gyara lulluɓina ba sai ga ni a tsakiyar kasuwa. Na waiga, ga ƙofar gidan nan, ina hango yaron Tabawa yana wasa a bakinta. Nan na tsaya a tsakiyar mutane na sa kuka, masu kaya suna kauce mini. Ban sayo barkonon ba.

Na biyo su gida ina yi musu girki a hanya. Ba su taɓa nuna mini wani abu ba sai alheri, kuma kowane alheri sai na ji shi kamar ƙaya. Ranar da muka shigo Birni mata suka fito suna yi wa Tabawa guɗa, ana sauke huhu a ƙofar gidansu. Na gaida innata, na kwana, da safe na ɗauki takalman da sandar na kama hanyar Tabanni ta cikin daji. Itace a zube ko'ina ba mai so, rafi yana gudu ba mai tsaronsa.

Na tarar da uwarsa a tsakar gida tana kaɗi. Labarin rasuwarsa ya riga ni zuwa, amma da ta ga sandar sai ta ajiye mazarin. Ta karɓi takalman ta ɗora a cinya, ta daɗe tana shafa su. Sannan ta ce, "A ina kuka sa shi?"

Na ce, "A bayan gari, Inna, gindin wata ɗorawa."

Ta ce, "Mutanenmu masu zuwa goro, suna bi ta wurin? Ko wani zai tsaya ya yi masa addu'a?"

Na so in ce mata e. Na ce, "A'a, Inna. Ba kan hanya ba ne. Da nisa."